Polly Hill: Baturiyar da ta auna gonakin Batagarawa ɗaya bayan ɗaya

A duk lokacin da hukuma ta fitar da rahoto cewa kashi kaza cikin ɗari na mutanen Jihar Katsina matalauta ne, ko kuwa manomin Kafur yana noma hekta kaza, ba kowa da kowa aka tambaya ba. Gidaje kaɗan ake zaɓa a yi musu tambayoyi, sannan a ɗora wa kowane gida nauyin ɗaruruwan gidajen da ba a shiga ba. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, wanda ya ce 'yan Najeriya miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, ya fito ne daga gidaje kimanin dubu 56. Wannan hanya karɓaɓɓiya ce a ilimin ƙididdiga, domin babu ƙasar da za ta iya ƙwanƙwasa kowace ƙofa kowace shekara. Sai dai ingancinta ya rataya ne a kan abin da aka rubuta a ƙofar gida ko a bakin gona. Idan an kuskure a nan, nauyin da aka ɗora wa gidan zai riɓanya kuskuren ya watsa shi a faɗin jiha.

Wata baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta shafe mafi yawan rayuwarta tana nuna wa masana tattalin arziki wannan matsala, kuma hujjarta mafi ƙarfi daga ƙasar Katsina ta samo ta.

An haife ta a birnin Kambirij ranar 14 ga Yuni 1914, a gidan da ilimi ya zama gado. Mahaifinta, A. V. Hill, ya samu kyautar Nobel ta 1922 saboda bincikensa a kan yadda tsokar jiki ke aiki. Mahaifiyarta kuwa ƙanwa ce ga John Maynard Keynes, masanin tattalin arzikin da gwamnatoci ke koyi da ra'ayinsa har yau a duk lokacin da kasuwa ta durƙushe. Ta karanci tattalin arziki a Kwalejin Newnham ta Jami'ar Kambirij, ta kammala a 1936. Littafinta na farko, wanda ya fito a 1940, a kan marasa aikin yi ne na Ingila. Daga wannan shekara zuwa 1951 ta yi aikin gwamnati a baitulmali, da ma'aikatar ciniki, da ofishin kula da ƙasashen da Ingila ke mulka. Wato ta zauna a irin teburin da ake haɗa alƙaluman Afirka ba tare da an taka Afirka ba. Daga nan ta koma aikin jarida a mujallar West Africa da ake bugawa a Landan duk mako. A 1953 ta auri Kenneth Humphreys, magatakarda na farko na hukumar jarrabawar WAEC, aure ya kai ta ƙasar da a lokacin ake kira Gold Coast, Ghana ta yau.

A jami'ar da ke can ta fara binciken manoman koko. Littafin da ta fitar a 1956 ta gina shi ne a kan takardun tambayoyi, kamar yadda kowa ke yi, kuma ita da kanta ta juya masa baya daga bisani. Abin da ya sauya mata tunani taswira ce. Cutar kumburin reshe ta afka wa itatuwan koko, gwamnati ta riƙa sare waɗanda suka kamu tana biyan diyya, kuma dole ta sa aka zana iyakar gonaki da sunan masu su. Hill ta ɗauki waɗannan taswirori ta bi su ƙafa da ƙafa tana tambayar asalin kowace gona. Sai ta gano cewa ƙaramin manomin da littattafai ke siffantawa, mai 'yar gona a bayan gari, ba shi ne ya gina arzikin koko ba. Manoma ne 'yan ci-rani daga tsaunukan Akwapim da ƙasar Krobo da maƙwabtansu, waɗanda tun wajen 1890 suke haɗa kuɗi su sayi daji a Akim Abuakwa, su raba shi, su juya ribar gona ɗaya su sayi wata. Littafinta na 1963 a kan waɗannan manoma shi ya fito da sunanta. Darasin da ta ɗauka daga Ghana shi ne a fara da ƙasa, a auna ta, sannan a nemi mai ita.

Gari ɗaya, rukuni huɗu

Bayan ta koma Kambirij a 1965, sai ta karkata zuwa ƙasar Hausa. A 1967 ta zauna watanni a Batagarawa, wani ƙaramin gari da ke kimanin mil shida kudu da birnin Katsina, mai mutane kusan 1,400 a lokacin. Ba ta zaɓi samfuri ba. Ta ƙirga garin gaba ɗaya. Ta yi amfani da hoton da aka ɗauka daga jirgin sama, ta bi gonakin karkara da ake zuba wa taki ana nomawa kowace shekara, ita da mataimakanta 'yan garin, suna haɗa kowace gona da mai ita har aka samu faɗin abin da kowane mai gida ke riƙe da shi. Ta samu iyalai 171 masu noma a haɗe.

Sai ta zo kan tambayar da ta fi wuya: wane ne mai hali, wane ne talaka? Ta san cewa ba a tambayar Bahaushe yawan damman da ke rumbunsa a samu amsa, balle a zamanin da haraji da jangali ke nan daram, kuma duk baƙon da ya zo da alƙalami da takarda ana yi masa kallon ɗan saƙon hukuma. Don haka ta nemi mutanen garin da suka san kowa ciki da bai, ta sa suka kasa masu gidaje bisa ma'auni ɗaya, wato yadda kowane zai kasance idan gero ya makara ko damina ta gaza. Rukuni na farko su ne waɗanda ba za su ji a jikinsu ba, har ma su taimaki wasu da kyauta ko rance. Rukuni na ƙarshe su ne waɗanda yunwa za ta durƙusar. Na farko iyalai 17 ne, na biyu 45, na uku 68, na huɗu 41.

Da ta ɗora wannan rabo a kan taswirar gonaki, sai ga abin da ya fito: iyalan rukuni na farko na riƙe da kusan eka 20 kowanne a matsakaici, na ƙarshe kuwa ba su kai eka 3 ba. Matsakaicin gari baki ɗaya ya tashi wajen eka shida da rabi. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce irin wadda ke shiga rahoton hukuma, alhali kuwa ba ta siffanta kusan kowa ba a garin. Iyalai 109 cikin 171 suna cikin rukunoni biyu na ƙasa, waɗanda matsakaicinsu bai kai can ba. Mutum goma sha bakwai ne suka ja lambar sama.

Yana da kyau mai karatu ya ɗan yi lissafi a nan. Masu hali kusan ɗaya ne cikin goma. Da wani jami'i zai zo irin wannan gari ya zaɓi gidaje goma da ƙuri'a, kusan sau ɗaya cikin uku ba zai faɗa kan ko ɗaya daga cikinsu ba, sai ya koma ofis da labarin cewa kowa a garin ƙaramin manomi ne. Wani lokacin kuma zai faɗa kan biyu ko uku, ya koma da labarin wadata. Gari ɗaya, rahoto biyu masu karo da juna, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Masana ƙididdiga sun san maganin wannan, shi ne a fara kasa jama'a rukuni-rukuni kafin a zaɓa, a kuma bai wa kowane rukuni nauyin da ya dace da yawansa. Amma ba a kasa abin da ba a yarda akwai shi ba, kuma a wancan zamani ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne manoman karkarar Afirka duk ɗaya suke, talauci ya daidaita su kamar haƙoran mataji. A 1968 Hill ta buga maƙala a wata mujallar masana tattalin arziki ta Najeriya tana kiran wannan ra'ayi tatsuniya.

Ba ta tsaya a kan faɗin gona ba. Ta bi yadda tazarar ke ciyar da kanta a cikin shekara guda. Talaka yana sayar da hatsinsa da kaka lokacin da farashi ya faɗi, domin biyan haraji da bashi. Mai hali yana saye ya zuba a rumbu. Da bazara ta wuce, damina ta kankama, farashi ya haura, talakan nan zai dawo ya sayi hatsin da tsada, kuma kuɗin sayen daga ƙwadago yake samo shi a gonar wani, a daidai makonnin da tasa gonar ke neman noma. Ba shi da dabbobin da za su ba shi taki, ba shi da jakin da zai kai takin gona. Ƙarshenta sai jingina, daga jingina sai sayarwa. Ta nuna cewa akwai mutanen da talaucinsu ya kai ba sa iya noma ko da suna da fili, maganar da ta yi wa masu tsare-tsare nauyi, domin su a lissafinsu duk mai gona manomi ne.

Akwai kuma abin da takardar tambayoyi ba ta gani sam. Jami'in ƙididdiga namiji ne, a zaure yake tsayawa, mai gida yake tambaya, kuma a shafin matan kulle ya rubuta ba su da sana'a. Hill mace ce, ta shiga cikin gida. Ta tarar da wata kasuwa sukutum a bayan katanga: mata na sayar da hatsi, da man gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da fura, da dafaffen abinci, yara na zirga-zirga da talla da saƙon farashi daga gida zuwa gida. Ta rubuta maƙala a kan wannan ɓoyayyen ciniki a 1969. Duk wanda ya tashi a Malumfashi ko Mahuta ya san wannan tun yana goye, amma sai da aka buga shi da Turanci a Landan kafin ya zama ilimi a idon masu bayar da rance. Littafinta mai suna Rural Hausa ya fito a 1972, kuma kusan rabinsa ƙamus ne na kalmomin noma da ciniki na Hausa, daga gandu da gayauna zuwa adashi, kowace da bayaninta.

A 1971 zuwa 1972 ta koma Ɗorayi, a gefen birnin Kano, inda jama'a suka yi cunkoson da gonaki suka tsuke matuƙa. A can ta ci karo da wata matsalar awo: mene ne gida? Ta tarar da manyan gidaje da wasunsu suka kai mutum ɗari, ƙofa ɗaya, tukwane da yawa, wasu 'ya'yan na gandu da uba, wasu sun ware. Wanda ya ƙirga ƙofa, da wanda ya ƙirga tukunya, da wanda ya ƙirga masu noma tare, kowanne zai fito da adadin gidaje dabam, kuma a kan adadin gidaje ake lissafa nauyin samfuri. Littafin da ya fito daga wannan aiki a 1977 ya kwatanta karkarar Kano ta 1900 da ta 1970.

Kuskure iri biyu

Abin da Hill ta gano da ƙafa, ilimin ƙididdiga yana da bayaninsa. Kuskuren awo iri biyu ne. Akwai na kan-mai-uwa-da-wabi, inda wani ya ɗan ƙara, wani ya ɗan rage, ba tare da wata manufa ba. Wannan yana wanke kansa idan matsakaici ake nema. Amma idan abin da ake nema shi ne yadda dukiya ko gona ta rarrabu tsakanin jama'a, sai ya buɗa rabon fiye da gaskiya, ya tura wasu ƙasa da layin talauci a takarda alhali ba sa can, ya ɗaga wasu sama. Na biyu shi ne kuskure mai alƙibla, kuma shi ya fi haɗari. Manomin ƙasar Hausa da dami da buhu da tiya yake lissafi, dami kuwa na wani gari ba ɗaya yake da na wani ba. Gona guda tana ɗauke da gero da dawa da wake a lokaci ɗaya. Idan aka matsa masa ya faɗi eka ko hekta, sai ya ba da cikakkiyar lamba don a rabu lafiya.

Shekaru bayan rasuwarta, masu bincike na Bankin Duniya sun gwada abin da manoma ke faɗa da abin da na'urar GPS ta auna a ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Nijar da Najeriya. Sakamakon ya yi ta maimaita kansa: masu ƙananan gonaki suna faɗin fiye da abin da suke da shi, masu manya kuma suna ragewa. Ma'ana, takarda tana matso da talaka da mai hali kusa da juna, tana haifar da manomin nan matsakaici da Hill ta ce babu shi. Ƙara yawan gidajen da ake tambaya ba ya gyara ko ɗaya daga cikin kurakuran nan biyu. Yana dai ƙara wa mai rahoto ƙarfin gwiwa a kan lambar da ta karkace.

Shekara uku bayan fitowar Rural Hausa, a 1975, aka buɗe aikin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. Ya shafi ƙasar Funtuwa da Malumfashi, yankin auduga da dawa da Kafur ke cikinsa. An kawo takin zamani, da iri, da hanyoyin karkara, kuma masara ta samu gindin zama a yankin tun daga lokacin. Amma aikin ya kasa manoma gida-gida, ya fifita manya da waɗanda ya kira masu son ci gaba wajen ziyarar malaman gona, kuma masu nazari da yawa sun soke shi da cewa waɗanda suka riga suka fi ƙarfi su suka fi cin gajiya. Yawan amfanin gona na iya ƙaruwa a jimla, yayin da irin iyalai 41 ɗin nan na ƙasa suke nan inda suke, ko ma su koma 'yan ƙwadago a gonakin masara. Jimla da matsakaici ba sa nuna haka. Sai an duba rabo.

Bayan wani zama a jihar Karnataka ta Indiya a 1977 zuwa 1978, inda ta kwatanta manoman hatsi na can da na ƙasar Hausa, Hill ta tattara ƙorafinta a littafin Development Economics on Trial na 1986, wanda sunansa ke nufin gurfanar da ilimin tattalin arzikin raya ƙasa a gaban shari'a. Babi guda ta ware wa rashin ingancin alƙaluman hukuma. Tana da abin nunawa a Najeriya. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba da miliyan 30.4, a lokacin da mutane ke ɓoye kansu saboda haraji. Ta 1962 aka soke ta. Ta 1963 ta ba da miliyan 55.6, a lokacin da yawan jama'a ya zama kujerun majalisa da kason kuɗi, tsoron ƙidaya ya juye ya zama kwaɗayinta. Ta 1973 ta ba da kusan miliyan 80, gwamnatin Murtala Muhammad ta soke ta a 1975.

Ba a bar ta ba martani ba, kuma wasu sukar suna da tushe. Batagarawa mazaunin hakimi ne a bakin birni, ba lallai ya yi kama da ƙauyen da ke can cikin dajin kudancin Katsina ba. Ta dogara da masu fassara, kuma mutanen da suka kasa mata jama'a rukuni-rukuni su ma 'yan Adam ne masu nasu son rai. Masanan da ke bin ra'ayin Markisanci sun yi mata ca saboda ta dage cewa tazarar da ta gani ba ta kai matsayin aji mai ɗorewa ba, tunda rabon gado yana tarwatsa dukiyar mai hali bayan mutuwarsa. Wanda ya ga yadda manyan 'yan kasuwa da ma'aikata suka riƙa sayen gonaki a yankin Funtuwa daga baya zai ce masu sukar sun fi ta hangen nesa a wannan gaɓa. Haka kuma ta tsananta wa binciken samfuri fiye da kima. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba za ta auna kowace gona ba. Hanyar da masana suka daidaita a kai ita ce a ɗauki wani ɓangare na samfurin a sake auna shi da kyau, da igiya ko da na'ura, a gano girman kuskuren da alƙiblarsa, sannan a gyara sauran da shi. Wannan ɓangare da ake sake aunawa, in an duba, aikin Hill ne aka ƙanƙanta.

Jami'ar Kambirij ta ba ta digirin digirgir a 1967, ta kuma riƙe wani muƙamin bincike a can daga 1973 zuwa 1979, amma ba ta taɓa zama farfesa mai kujera ba. Masana tattalin arziki suna ganin ta koma nazarin al'umma, masu nazarin al'umma kuma suna ganin ta cika son lissafi. Ta rasu ranar 21 ga Agusta 2005, tana da shekara 91.

Shekara guda bayan rasuwarta aka yi ƙidayar 2006, wadda ta ba Najeriya miliyan 140, ta ba Jihar Katsina miliyan 5.8, ta ba Ƙaramar Hukumar Kafur mutum sama da dubu 200. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta ana saura kwanaki a fara. Saboda haka adadin jama'ar da ake riɓanya sakamakon bincike da shi, daga na talauci zuwa na allurar rigakafi, hasashe ne da ake ginawa a kan lambobin 2006, kamar dai Gozaki da Masari da Dutsen Kura suna ƙaruwa da gudu ɗaya, kuma kamar babu ƙauyukan kudancin Katsina da 'yan bindiga suka tayar. Ɗorayi ta daɗe da zama unguwa a cikin birnin Kano. Batagarawa kuwa yanzu hedikwatar ƙaramar hukuma ce, a ƙasarta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa take, kuma birnin Katsina yana ta matsowa kan gonakin da ke tsakaninsu.